Curin Jiya, Kwaɓin Yau

Karatu: Galatiyawa 5:1-9, Matiyu 13:33

A ƙauyukan Anatoliya da ke tsakiyar Turkiyya, uwar gida kan yi sammakon kwaɓa burodi. Ta zuba garin alkama da gishiri a kwano, ta jiƙa yisti da ruwa mai ɗumi, don tafasasshen ruwa kashe shi yake yi. Wasu matan ko na kanti ba sa saye. Ɗan curi suke ragewa daga kwaɓin baya, ya kwana ya yi tsami, shi ne zai tayar da na yau. Ta yi ta murzawa har kwaɓin ya yi laushin fatar kunne, wanda shi ne ma'aunin matan ƙasar, sannan ta lulluɓe shi da ƙyalle ta ajiye a wuri mai ɗumi.

Bayan awa ɗaya ko biyu ta buɗe, ta tarar ya cika kwano. Ta gutsura, ta faɗaɗa da tafin hannu, ta ɗora a kan faifan ƙarfen da ke bisa wuta. Kana tsaye za ka ga gurasar nan da suke kira bazlama tana kumbura, tururi na fita ta gefenta. Idan pide za ta yi, irin wadda ake rububi a watan azumi, sai ta danna kwaɓin da kan yatsu layi-layi, ta barbaɗa riɗi da habbatus sauda, ta sa a tanda.

A wannan ƙasa ce Manzo Bulus, mutumin Tarsus, ya yi wa'azi. Ikoniya ita ce Konya ta yau, Ankara kuma ita ce babban birnin lardin Galatiya a zamanin Romawa. Da wasu suka zo wa masu bi na can da koyarwar cewa sai an haɗa da kaciya kafin a sami karɓuwa wurin Allah, Bulus ya ja kunnensu da abin da kowace mace a cikinsu ta sani: yisti ba ya bukatar yawa kafin ya game kwaɓi. Ubangiji Yesu ma da yisti ya kwatanta Mulkin Sama, a hannun macen da ta cuɗa shi cikin mudu uku na gari. A wurin Bulus gargaɗi ne, a bakin Yesu albishir ne, amma aikin yistin ɗaya ne.

Yisti abu ne mai rai. Yana cin zaƙin da ke cikin gari, yana fitar da iska, iskar ta maƙale a cikin kwaɓin ta ɗaga shi. Ba a jin motsinsa, kuma da zarar ya shiga, babu hannun da zai iya tsamo shi.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wane curi ka rage daga jiya? Idan ka kwana da haushin maƙwabci, ko ƙaryar da ka raina don ƙarama ce, ko gulmar da ka saurara har ta yi maka daɗi, to da ita za ka kwaɓa yinin nan. Kafin la'asar za ta bayyana a muryarka, a cinikinka, da yadda kake amsa wa 'ya'yanka. Idan kuwa ayar da ka karanta ka riƙe, ko gafarar da ka yi wa wani, ita ma haka za ta ratsa ko'ina, ko da ba ka ga alama da hantsi ba. Mai burodi ba ta buɗe ƙyalle kowane minti. Ta san abin da ta sa, sai ta jira.

Kafin ka ɗauki waya, kafin ka fita ƙofa, zubar da tsohon curin da ya lalace, ka fara da Maganar Allah.

Addu'a: Ya Uba, ka tsabtace zuciyata daga abin da na kwana da shi wanda bai gamshe ka ba. Ka sa Maganarka a cikina da safiyar nan, ta game tunanina da harshena da aikin hannuna. Cikin sunan Yesu, Amin.