Mujallar Makaranta: Ta Malami Ce Ko Ta Almajiri?

A wannan zango makarantarmu ta sakandare ta fitar da mujallarta ta fari. Abin murna ne, amma ya zo mana da wata tambaya wadda ta fi ƙarfin makaranta guda, saboda haka muka ga ya kamata mu kawo ta gaban masu karatu, musamman 'yan'uwanmu malamai. Ga tambayar: in yaro ya kawo abin da ya rubuta don a buga, ina iyakar hannun malami a kansa? Ya halatta ya gyara shi har ya koma maganarsa? Ya halatta ya soke shi don ya taɓa makaranta?

Kafin mu amsa, sai mu dubi zaman makaranta tukuna. Tun daga asuba har kwanciya ƙararrawa ke mulkin yaro. Ita ke tashe shi, ita ke kai shi aji, ita ke kiransa cin abinci. A aji kuwa ba ya buɗe baki sai an tambaye shi, abin da zai faɗa kuma malami ya riga ya san shi. Ba mu ce wannan horo aibu ne ba, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Amma fa yaro ya kan shekara 6 a haka, ya fita da takardar shaida, alhali ko sau ɗaya ba a taɓa ce masa, "Kai me ka gani?" ba. To, mujalla ita ce wuri na fari inda zai yi magana ba don a ba shi maki ba. Darajarta ke nan. In an raba ta da wannan, sai ta zama jarrabawa a cikin sabuwar riga.

Waɗansu malamai sun ce mujalla fuskar makaranta ce, iyaye za su gani, manya za su gani, don haka wajibi ne malami ya sāke kowane rubutu har ya yi santsi. Nufinsu mai kyau ne, amma su duba ƙarshen abin. Yaro ya kawo magana gurguwa, malami ya zauna da dare ya ƙera wata, aka buga da sunan yaron, aka yabe shi. Shi yaron ya san ba tasa ba ce. Me muka koya masa? Mun koya masa cewa mutum ya iya cin yabo da gumin wani, muddin ba a gane ba. Da wane baki kuma za mu hore shi ran da muka kama shi da satar amsa? Abin da ya dace shi ne malami ya ja layi ƙarƙashin kuskure, ya mayar wa mai shi, ya gyara da hannunsa, ko da zai kai sau uku. Ƙa'idar rubutu aikin malami ce, amma ra'ayi na mai ra'ayi ne.

Sashe na biyu na tambayar ya fi wuya. A ce yaro ya rubuta cewa tuwon dare ba ya isa, ko kuwa manyan 'yan aji suna dukan ƙanana a ɗakin kwana, suna sa su wanki. Nan sai mu ji zuciya ta rabu biyu. An rene mu a kan kunya da girmama na gaba, mun kuma san magana zarar bunu ce, balle wadda aka buga, wadda za ta daɗe bayan fushin mai ita ya huce. Wanda ya ce a yi hattara bai yi ƙarya ba. Yaro yana da saurin hukunci, ya kan ɗauki ji-ta-ji-ta a kan gani da ido, ya kan kuma ɓata sunan mutum bai san nauyin abin da ya yi ba.

Amma hattara dabam, toshe baki dabam. In mun soke maganar don ƙarya ce, mun yi aikinmu. In kuwa mun soke ta don gaskiya ce mai ɗaci, to, kanmu muka tsare, ƙaramin yaron da a ke duka kuwa mun bar shi a hannun mai dukansa. Ladabi bai hana faɗin gaskiya ba, hanyar faɗinta ya ke koyarwa. Saboda haka sharuɗɗa uku mu ke ganin sun isa. Na fari, mai rubutu ya faɗi abin da ya gani da idonsa kaɗai. Na biyu, ya ambaci laifin, kada ya kama sunan kowa. Na uku, a ba wanda abin ya shafa fili ya ba da amsa a cikin fitowa ɗaya. Yaron da ya bi waɗannan ya koyi adalci, wanda ya fi nahawu wuyar koyo.

Tarihi ma yana bayanmu. An buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922 don horar da malamai, ita ce ta koma Kaduna cikin 1938, sa'an nan Zariya cikin 1949, aka sa mata suna Barewa cikin 1971. Da Dokta East na Hukumar Talifi ya kira gasar rubuta labarai da Hausa cikin 1933, samarin da ta yaye suna cikin waɗanda suka amsa. Malam Abubakar Imam yana da shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja. Cikin 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa bai wuce 21 ba ya rubuta Shaihu Umar. Cikin 1957 ya zama Firayim Ministan Nijeriya na fari. Ba a jira sun yi furfura ba kafin a ce su yi magana. Fili aka ba su, suka nuna abin da ke cikinsu.

Haka nan alƙalai da ma'aikata da 'yan jarida na gobe, ga su nan zaune a kan bencinmu yau. In sun tashi da sanin cewa takardar da aka buga ta yabon mai iko ce kurum, mun yaye maroƙa masu alƙalami. In kuwa mun sake musu linzami ɗungum, mun yaye masu zage-zage. Ƙasa ba ta amfana da ko ɗaya daga cikinsu.

Saura gargaɗi guda ga su almajiran. Ganin suna a takarda ya kan sa girman kai, mujalla kuwa ta kan zama gonar haziƙai biyar ko shida, sauran suna kallo. Kada ku yarda da haka. Ku nemi yaron nan mai shiru na bayan aji, wanda ya san sunayen itatuwan dajin garinsu, ko yadda a ke rini a marina, ku roƙe shi ya rubuta, da Hausa ko da Turanci, wanda ya fi masa sauƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amsarmu ke nan a taƙaice: mujalla ta almajirai ce, malami kuwa amana aka ba shi. Ya tsare ta daga ƙarya da cin mutunci, ya kuma tsare ta daga hannunsa shi kansa. Muna so mu ji ra'ayin malaman sauran makarantu a kan wannan, ko sun yarda ko ba su yarda ba. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.