Sulken Saul Ba Na Dawuda Ba Ne

Karatu: 1 Sama'ila 17:32-40

Ɗan'uwana a cikin Kristi, wane Allah ka sani? Wanda ka ji labarinsa a bakin fasto, ko wanda ya taɓa riƙe hannunka ran da ka rasa mafita?

Kwana 40 Goliyat yana fitowa safe da yamma yana cika baki. Da Dawuda ya ce zai kara da shi, sarki Saul ya sa masa kwalkwalin tagulla da sulkensa. Saul ba mugunta ya nufa ba, abin da ya sani ne ya bayar. Amma Dawuda ya kasa tafiya da su don bai saba ba. Sai ya tuɓe, ya ɗauki sandansa da majajjawarsa, ya tsinci duwatsu 5 a rafi. Ƙarfin zuciyarsa daga makiyaya ya fito, inda Ubangiji ya cece shi daga zaki da beyar.

Na gane wannan a makare. Da na gama makarantar tauhidi, aka tura ni wani ƙauye yin bishara. Wata rana na je gaisuwar mutuwa wurin wata gwauruwa, na jera mata duk abin da na koya game da ta'aziyyar Allah. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Malam, kai ka taɓa ɗanɗana abin nan da kake faɗa?” Na rasa amsa. Maganata gaskiya ce, amma ta aro ce.

Bayan wasu shekaru, 'yata ta kwanta da zazzaɓi mai tsanani. Masu dubiya suka cika gida, kowa da shawararsa. Wannan ya ce jiƙo, wancan ya ce hannun maƙiya ne, wata ta raɗa mini sunan wani boka. Muka kai ta asibiti. Da dare ya tsala kowa ya watse, ya rage ni da uwarta da Ubangiji. Na durƙusa a gefen gado, na kasa haɗa addu'a, sai hawaye. A nan Ruhu Mai Tsarki ya ba ni salama tun kafin zazzaɓin ya sauka. Yarinyar ta tashi, amma ko da ba ta tashi ba, na riga na san Wanda ya tsaya tare da ni. Gani ya kori ji.

Ka tuna da 'ya'yan Siba su 7 a Afisa (Ayyukan Manzanni 19). Sun so su fitar da aljani da sunan Yesun da Bulus yake wa'azinsa, alhali su kansu ba su san shi ba. Suka fita da gudu tsirara, jina-jina. Mutanen Samariya kuwa shaidar matar nan ta bakin rijiya ce ta kawo su wurin Yesu, amma da ya kwana 2 a garinsu suka ji shi da kunnensu, bangaskiyarsu ta tsaya da ƙafarta.

Kada ka ce mai bishara ya ce a raina shawara. Rehobowam ya yi watsi da maganar dattawa, kabila 10 suka balle daga mulkinsa. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ka saurari iyayenka da fastonka da likita. Sai dai shawara kwatancen hanya ce, ba mai taka maka ita. Kuma abin da ka ji a ranka ma sai ka auna shi da Maganar Allah, gama zuciya tana iya ruɗin mai ita.

Ranar gwaji tana zuwa wa kowa, fasto kuma ba zai kwana a ɗakinka ba. Saboda haka ka fara yau. Ka buɗe Littafi Mai Tsarki da kanka. Ka yi addu'a da bakinka, ko da kalmominka kaɗan ne. Ka rubuta abu ɗaya da Ubangiji ya taɓa yi maka, don ka same shi a hannu ran da Goliyat ɗinka ya fito.

Addu'a: Ya Uba, na gode maka saboda bayinka da suka nuna mini hanya. Ka ba ni alherin saninka da kaina, a cikin sunan Yesu. Amin.