Tsakanin "Na Gani" da "An Ce"

Kowace shekara idan Sha'aban ya kai 29, mutanen Wudil kan zuba ido yamma bayan faɗuwar rana, sannan a kasa kunne a ji sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta muna iya lissafa sa'ar da za a haifi jinjirin wata, har da mintinta, shekaru kafin ranar. Duk da haka abin da ake jira shi ne mutumin da zai ce "na gani". A nan tambayar take: wanda waya ta gaya wa inda tauraro yake, ya san tauraron, ko labarinsa kawai ya ji?

Tambayar ta shafi duk mai son fara kallon sama. Yau ɗalibi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil zai ɗaga wayarsa, manhaja irin Stellarium ta jero masa sunayen taurari cikin daƙiƙa. Amma hasken allon da ya ba shi sunayen shi ne ke hana shi ganinsu, domin ido na bukatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya fara kama ƙananan taurari.

Shi ya sa masu wannan harka ke cewa a fara da ido, sannan madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu, daga baya a sayi babba. Wudil tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka tauraron arewa yana tsaye kusan digiri 12 sama da inda ƙasa ta haɗu da sama, wato dunƙulen hannu guda da ɗan ɗoriya idan an miƙe hannun. A bakin kogi, nesa da fitilun gada, ana samunsa idan hazo bai rufe ba. Wanda ya gano shi da kansa sau ɗaya, gabas da yamma ba za su sake rikice masa da dare ba, ko da cajin wayarsa ya ƙare.

Kada a ɗauka muna fifita ido a kan na'ura. Ido ma yana kuskure. Kakanninmu sun kira tauraruwar yamma Zara matar wata, suka kira ta asuba Gamzaki, alhali abu guda ne, duniyar da Larabawa ke kira Zuhura. A 1610 Galileo ya duba ta da ƙaramin madubinsa, ya ga tana cika tana raguwa kamar wata, abin da ido bai taɓa nuna wa kowa ba. Kaza da 'ya'yanta kuwa, ido na ƙirga shida ko bakwai, madubin hannu ya nuna gommai. Hasken nasu da ke iso mu yau ya baro su kusan shekaru 440 da suka wuce, tun kafin jihadin 1804 da fiye da ƙarni biyu. Wannan lissafi ne ya gaya mana.

Ashe kowanne da hurumin sa. Lissafi na iya cewa jinjirin da bai kai awa 15 da haihuwa ba, ido zalla ba zai kama shi ba, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin a auna shaidarsa da wannan. Shi kuma mai lissafi bai da ikon cewa "na gani" don kawai allo ya zana masa wata. Laifin biyun iri ɗaya ne, wato mutum ya ba da shaidar abin da bai shaida ba. A zamanin da hoto ke zagaye WhatsApp kafin a tambayi wanda ya ɗauka, wannan laifi ya zama ruwan dare a tsakaninmu.

Mai saita madubi a kan Mushtari zai lura cewa nan da nan take zamewa daga ganinsa, saboda duniyarmu na juyawa digiri 15 kowace awa. Dole ya bi ta da haƙuri, ya ƙirga ƙananan watanninta da kansa. Idan huɗu littafi ya ce amma uku ya gani a daren, uku zai rubuta, gobe ya sake dubawa.