Marmaro a Bakin Hanya: Wa'azin Lokacin Azumi



A watan Maris, sa'ad da zafin bazara ya kai maƙura, na taso daga Kalgo a kan babur zan tafi Gwandu domin in kai Jibi Mai Tsarki ga wani dattijo marar lafiya. Duk wanda ya san wannan ƙasa ya san tuddanta masu shimfiɗaɗɗen kai, da jan marmara a bisansu, da kwazazzaban da ruwan damina ya tsattsaga. Gorar ruwana ta ƙare tun ban kai rabin tafiya ba. Sai na hangi shanu sun taru a gindin wani tudu, nesa kaɗan da hanya. Da na isa, ga ruwa yana tsattsafowa daga ƙarƙashin dutse, yana taruwa a wani ɗan gurbi da aka kewaye da duwatsu don kada dabbobi su gurɓata shi. Wani yaro Bafulatani ya ɗauraye ƙwaryarsa, ya ɗebo, ya rusuna ya miƙo mini. Ya ga gicciyen da ke wuyana sarai. Abin da ya ce kawai shi ne: "Baba, sha, rana ta yi."

Masana ƙasa sun bayyana mana yadda irin wannan ruwa yake samuwa. Ruwan sama yakan nutse cikin yashin dutse, ya yi ta gangarawa har ya tarar da laka wadda ba ya iya ratsawa, sa'an nan ya nemi mafita a gefen tudu. A ƙarƙashin wannan yanki akwai babban shimfiɗin yashi mai riƙe ruwa wanda masanan suka raɗa wa sunan Gwandu, har ma a kwarin Gulbin Kebbi an haƙa rijiyoyin burtsatse da ruwansu ya riƙa bulbulowa da kansa ba tare da famfo ba. Wato ruwan da na sha ran nan ya sauko ne a wata damina da ta wuce, a gonar wani da ban sani ba.

Mu buɗe Littafin Farawa, sura ta 16. Hajaratu baiwa ce, Bamasariya, tana ɗauke da cikin Abram. Uwargijiyarta Saraya ta ƙuntata mata har ta gudu. Ta kama hanyar Shur, wato hanyar da ta nufi Masar, ƙasar iyayenta. A wannan hamada, a bakin wani marmaro da ke gefen hanya, mala'ikan Ubangiji ya same ta. Ya kira ta da sunanta, ya tambaye ta inda ta fito da inda za ta. Ta faɗi inda ta fito, amma ba ta da amsar tambaya ta biyu. Ku lura da kyau: ba Abram mai alkawari aka bayyana wa a wurin nan ba, ba kuma Saraya uwar gida ba. Baiwa ce, baƙuwa, wadda ba wanda ya bi sawunta. Ita ce ta kira Allah da suna Mai ganinta, kuma saboda haka aka sa wa rijiyar suna Biyer-lahai-royi, tsakanin Kadesh da Bered. Ɗan da ta haifa aka kira shi Isma'ilu, ma'anarsa Allah yana ji.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai abin da yake da nauyi a labarin, gama an umarce ta ta koma gidan da ta gudo daga cikinsa. Amma ta koma da alkawarin zuriya mai yawa, ta kuma san cewa akwai Mai ganinta. Daga baya, a sura ta 21, da aka sallame ta da ɗanta, ruwan salka ya ƙare a jejin Biyer-sheba, Allah ya buɗe idanunta ta ga rijiya. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke zaune a tsakiyarsu a wannan ƙasa ta Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, suna girmama wannan mace ƙwarai. Alhazansu suna tunawa da neman ruwanta a tsakanin Safa da Marwa, suna kawo mana tsarabar Zamzam.

To, 'yan'uwa, ga dalilin da ya sa na kawo wannan magana. Labari ya iso mini cewa a ɗaya daga cikin majami'unmu na karkara an sa wa famfon rijiyar burtsatse kwaɗo, an ba mutum ɗaya mabuɗi, an ce sai 'yan Ikilisiya kaɗai. Na ji hujjojin, kuma ba na raina su. Gyaran famfo kuɗi ne, baikonmu kuwa kaɗan ne. Yara suna wasa da hannun famfon har ya karye. Wasu kuma, da baƙin ciki suka faɗa, an taɓa hana su ɗiban ruwa a wata unguwa saboda addininsu. Wannan rauni ne na gaske.

Duk da haka ba zan iya amincewa da kwaɗon nan ba. Ubangijinmu da kansa ya zauna a bakin rijiyar Yakubu da tsakar rana a gajiye, ya roƙi ruwa a hannun Basamariya, wadda jama'arsa ba sa shan ruwa da ƙwaryar jama'arta. A Matiyu sura ta 25 ya sa mai jin ƙishi a matsayin kansa. Marigayi Fafaroma Faransis ma, a wasiƙarsa Laudato Si' ta shekarar 2015, ya koyar cewa samun tsabtataccen ruwan sha haƙƙi ne na kowane ɗan Adam. Kakanninmu ba su karanta wasiƙar Fafaroma ba, amma sukan girke randa da moɗa a ƙofar gida saboda matafiyi. Da wace fuska za mu tsarkake ruwan Baftisma a daren Ista, alhali matar maƙwabcinmu tana komawa kududdufi da tulunta, 'ya'yanta suna kwanciya da amai da gudawa?

Abin da nake roƙo shi ne: a cire kwaɗon kafin Lahadin Dabino. A tsayar da lokutan ɗiba, safe da yamma, ga kowa. Katikis da shugabar Zumuntar Mata su je wurin mai unguwa da limamin garin, a zauna a shirya yadda kowane gida mai ɗiba zai riƙa ba da ɗan abin gyara. Kwamitin majami'ar zai gana da ni bayan Misa ranar Lahadi mai zuwa, kuma mai riƙe da mabuɗin ya zo da shi.