Kul, Ku Daina Yi wa Hitila Kirari

Wata mummunar ɗabi'a na yaɗuwa tsakanin matasanmu. Da zarar an nuno gawarwakin yara a Gaza, sai wasu su liƙa hoton Hitila a Facebook suna kiransa gwarzo, har da masu cewa da ma ya ƙarasa aikinsa. Kul! Abin da ake yi wa Falasɗinawa yana ci mini rai kamar yadda yake ci muku, amma ku san wanda kuke wasawa.

Ranar 6 ga Yuli 1942, Otto Frank da matarsa da 'ya'yansu mata biyu suka ɓuya a wasu ɗakuna da ke bayan ma'aikatarsa a Amsterdam ta Holan, don mutanen Hitila na farautar Yahudawa. Mutum huɗu suka ƙaru, aka kare ƙofar da kantar littattafai. Shekara biyu ba wanda ya taka titi. Da rana sai raɗa da sanɗa, ko ruwan bayan gida ba a saki yadda aka ga dama, kada leburorin ƙasa su ji. Ranar 4 ga Agusta 1944 aka kama su, kuma cikin su takwas Otto kaɗai ya rayu. Autarsa Anne ta mutu a sansanin Bergen-Belsen tana da shekara 15, shekara uku kafin a kafa Isra'ila. Me ta yi wa Falasɗinu? Addininmu bai yarda a kama wani da laifin wani ba.

Daga Holan kaɗai an kwashe Yahudawa kusan 107,000, waɗanda suka dawo ba su wuce wajen 5,000 ba. Har lada ake biyan masu tona maɓoya, kowane kai da kuɗinsa.

Kai kuma baƙar fata mai yabon, a Yunin 1940 a Chasselay ta Faransa, sojojin Jamus na Hitila sun ware baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma daga Turawa, suka bindige su. Da kana wurin, a layinsu za a tsayar da kai.

In gwarzo kuke nema, ga Dakta Mohammed Helmy, Musulmi ɗan Masar, wanda ya sayar da ransa a Berlin ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya, Anna Boros, har Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare.

Malamai, ku faɗi wannan a kan mumbari. Iyaye, ku tsawatar. Kai da ka liƙa hoton, ka ji tsoron Allah, ka goge shi yau.