Ishara a Kan Hanya: Ladabi Ce ko Haƙƙi?

 Abin da za mu tattauna a wannan fitowa ɗan ƙaramin abu ne wanda da yawa daga cikinmu ba su ɗauke shi a bakin komai ba, wato ƴar fitilar nan mai ƙyaftawa a gefen mota da babur, wadda direbobi ke ce wa sigina. Tambayarmu ita ce: mutumin da ya karya kwana bai kunna ta ba, Allah kuma ya tsare bai buge kowa ba, shin ya yi laifi, ko kuwa wani ladabi ne kawai ya bari, irin wanda in an yi an kyauta, in an bari ba komai?

Mu fara da sanin aikin wannan fitila. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Masu tafiya a ƙasa cikin kasuwa ba kasafai suke karo da juna ba, duk da cunkoso, saboda kowa na karanta niyyar ɗan'uwansa a idonsa da kafaɗarsa. Amma da zarar mutum ya shiga mota ya ja ƙofa, fuskarsa ta ɓoyu, na bayansa ba ya ganin komai sai ƙarfe. Sigina ita ce abin da ya rage masa na faɗin inda ya nufa. Don haka ne aka yi ta ruwan ɗorawa, aka sa tana ƙyaftawa tsakanin sau 60 da sau 120 a minti ɗaya, domin ido ya kama ta ko da tsakar rana.

Sai mu dubi lissafin lokaci, domin a nan ne nauyin maganar yake. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowane sakan. Direba mai lafiya, wanda hankalinsa ke kan hanya, yana buƙatar wajen sakan ɗaya tsakanin ganin abu da taka birki, sannan motar ta ja wata tazara kafin ta tsaya. Mu ƙaddara mota ta taso daga Ƙonni a kan babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Maraɗi da Damagaram, ta iso mararrabar Tsarnawa za ta karya hagu zuwa Tawa, ga wata a bayanta tana shirin wuce ta. Idan na gaba ya kunna sigina sakan uku kafin ya fara rage gudu, ya ba na baya mita 75 na yin shawara. Idan bai kunna ba, ya bar shi da sa'a kawai. Ko a cikin gari, inda ake tafiyar kilomita 50, sakan ɗaya kusan mita 14 ne, kuma wanda ke cikin wannan tazara sau da yawa ɗan kabu-kabu ne da goyonsa, ko mai amalanken jaki, ko yaro mai tsallaka titi.

Idan mun fahimci wannan, amsar tambayarmu ta fara fitowa. Abin da mai barin sigina ya riƙe ba nasa ba ne shi kaɗai. Labarin inda zai juya labari ne da ran wani ya rataya a kansa, kuma bayar da shi ba ya cin masa komai sai motsa yatsa ɗaya. Duk wanda ya riƙe irin wannan labari ya tauye haƙƙi tun a lokacin da ya riƙe shi, ko haɗari ya auku ko bai auku ba. Direbobi biyu da suka karya kwana ba ishara, ɗaya ya wuce lafiya, ɗaya ya kaɗe mutum, aikinsu ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne na farko bai tarar da kowa a wurin ba. Na biyu zai ɗauki nauyin ɓarnar da ya yi, amma na farko ba shi da ikon kiran kansa mai gaskiya.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi ba tun zamanin dabbobin hawa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai janta da mai kora ta. A shekarar 1993 kuma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a ƙasar Burunai, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma wanda sakacinsa ya jawo haɗari yana ɗaukar alhakinsa. Dokar zamani ma haka ta ce. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 a kan zirga-zirgar hanya ta wajabta wa direba ya yi ishara a sarari tun da sauran lokaci, da fitila ko da hannu, ya bar ta har ya gama juyawa, sannan ya kashe ta nan take.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya kai mu ga wani laifi da ya fi na farko, wato isharar ƙarya. Masu fiƙihu sun ɗauki isharar bebe, idan ana fahimtarta, a matsayin maganarsa wajen ciniki da aure. Direba a cikin motarsa kamar bebe yake, siginarsa kuwa ita ce maganarsa. Wanda ya manta da ita tana ƙyafta dama alhali miƙewa zai yi, ya gaya wa mai jira a bakin mararraba cewa ya fito, sannan ya same shi a tsakiyar titi. Masu babura su fi kula da wannan, domin a yawancin babura fitilar ba ta mutuwa da kanta. Haka nan al'adar da wasu direbobin manyan motoci ke yi, ta kunna sigina don gaya wa na baya ya wuce ko ya dakata. Niyyar kyakkyawa ce, amma ma'anar ba ɗaya ba ce a wurin kowa: abin da wani ke nufi da "wuce", wani "zan juya" yake nufi da shi. Kada mu wuce mota sai idonmu ya ga hanya.

Mun san uzurorin da ake kawowa. Wani ya ce ya duba bai ga kowa ba. Ai wanda ka gani ba shi ne abin tsoro ba, za ka kauce masa; ana yin ishara ne domin wanda madubi bai nuna maka ba, musamman da dare ko lokacin hazo. Wani ya ce in ya kunna, na baya zai ƙara wuta ya toshe masa hanya. Wannan yana faruwa, kuma mai yin haka ya ci amanar wanda ya gaya masa gaskiya, yana kuma koya wa mutane ɓoye niyyarsu; amma rashin kirkinsa bai sauke wajibin da ke kanmu ba. Wani ya ce babu jandarma ko ɗan sanda a wurin. Wannan ya nuna tara yake tsoro, ran mutum bai dame shi ba. Wani kuma ya ce haɗari ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma ba mu taɓa ganin wanda ya bar shagonsa buɗe da dare ya ce sata ƙaddara ce ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanyoyi a shekara, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Waɗannan su ne ƴaƴanmu da ƙannenmu.

Kada kuma a ɗauka kunna sigina ya ba mutum hanya. Ita kamar sallama ce a ƙofar gida: ka sanar da zuwanka, amma sai an ba ka izini kake shiga. Tsarin da ya dace shi ne a duba madubi, a kunna, a ɗan jira, a sake dubawa, a rage gudu, a juya, a kashe. Wanda ya kunna ta bayan ya riga ya fara juya sitiyari, labarin abin da ya wuce yake bayarwa. Idan muka ga tana ƙyaftawa da sauri fiye da yadda ta saba, galibi wani ƙwan fitila ne ya ƙone, a canza shi kafin tafiya. Kafin nan a miƙa hannu. Na baya kuma, idan ya ga ishara, ya sassauta ya ba da wuri.

Muna kira ga masu motoci da shugabannin tasha da iyayen da ke miƙa wa yara makullin babur da su sa ido a kan wannan, fasinja kuma ya tunatar da direbansa cikin lumana. Allah Ya tsare mu da zama sanadin zubar da jinin wani, Ya kai matafiyanmu gida lafiya.