Nasihar Juma'a: Naira Hamsin a Bakin Titi, Biliyoyi a Filin Wasa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

'Yan uwa, mu da neman halal ya kawo mu Bauchi, daga Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram, mun san wahalar hanya. Ka fito daga Yelwa da sassafe za ka Wunti ko Muda Lawal, ka yi ta ɗaga wa Keke Napep hannu, duk a cike. In ka samu, a cusa ku kamar buhunan gero. In ka sauka, rigima ta tashi kan canjin naira 50. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota kuma ya bi bayanta.

To, ga wani labari daga Indiya. A 2022 an sayar da haƙƙin nuna gasar kurket ta IPL na shekara biyar a kan sama da dala biliyan 6. A Nuwamba 2024, a birnin Jidda, aka yi gwanjon 'yan wasa, wata ƙungiya ta ɗauki Rishabh Pant a kan rupi miliyan 270, saboda gasar kusan wata biyu.

Wani zai ce, Malam, ina ruwanmu da kurket? Ai namu kurket ɗin shi ne ƙwallon Turai. Waɗannan biliyoyi ba daga sama suke zubowa ba. Daga idon mai kallo suke fitowa, da kuɗin tallace-tallace, da aljihun mai caca. Yaron da ya yi wa mai keke tsawa da safe kan naira 50, shi ne da daddare zai zuba dubu a cacar ƙwallo ta waya, ko gezau. Wasa motsa jiki ne, ba mu hana ba. Caca kuwa haramun ce, ko an sa mata sunan hasashe. Kuma kowa za a tambaye shi ranar gobe ta ina ya samo dukiyarsa, ina ya kai ta.

Shi mai keken nan, sau da yawa ba tasa ba ce. Sai ya sha mai, ya haɗa balas ɗin mai ita, ya yanki tikiti, sannan ya nemi na cefane. Shi ma talaka ne irinka.

Don haka, a yi ciniki kafin a hau, a tanadi canji. Direbobinmu, ku ji tsoron Allah, ku daina lodin da ya wuce kima, kada ku tsawwala wa baƙo don bai san gari ba. Alhazai masu motoci, kujerar da ba kowa a kanta sadaka ce ke jiran ku. Ku ɗauki maƙwabci, musamman tsofaffi ranar Juma'a. Iyaye kuma, a san abin da yara ke yi da wayoyinsu.

Allah Ya sauƙaƙa mana hanya, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya shirya mana zuri'a. Amin.